Dan Allah masu ilimin kwamfuta, wannan manhajar nazarin kasuwanci za ta amfane mu ko kashe kuɗi ne kawai?

Ɗan_Sito_Kawo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema dan Allah, kuma ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo.

Mahaifina yana sayar da kayan masarufi a sari, su taliya, makaroni, sukari, madara, man gyaɗa, tumatirin leda, omo da sauransu. Muna da shago ɗaya a Kasuwar Barci, ɗaya a Kawo, sai sito a wajen Mando inda mota ke sauke kaya. Yaran shago gaba ɗaya su tara ne. Ni tun da na gama bautar ƙasa na dawo gida Baba ya ce in zo in kama masa, to da na shigo sai na tarar komai a littafi yake, irin dogon littafin nan mai baƙin bango, kowane shago da nasa, na bashi daban, sauran lissafin kuma yana cikin kan Baba. Wallahi in ka tambaye shi kwali nawa na madara ya rage a sito zai faɗa maka kuma da wuya ya kuskure da yawa, amma in ka ce wane kaya ne ya fi kawo mana riba a wata ukun da suka wuce sai ya ce "kai dai Alhamdulillah ana samu."

Matsalar ita ce ciniki kullum ana yi, wani lokacin har ba ka samun sararin cin abincin rana, amma in lokacin saro kaya ya zo sai mu ga kuɗin hannu bai kai ba. Ba na zargin kowa, amma ban san inda kuɗin ke maƙalewa ba.

Wani abokina da muka yi makaranta tare ya nuna min wata manhajar nazarin kasuwanci mai suna Power BI a laftof ɗinsa, ka ga zane-zane masu kala, ka danna wata ya nuna maka cinikin watan, ka danna shago ya ware maka. Gaskiya abin ya burge ni. Sai kuma wani yaro ya zo ya ce zai haɗa mana irinsa, ya faɗi kuɗi mai kauri har da na kulawa duk wata. Kafin in je in tunkari Baba da maganar kuɗi nake so in ji daga waɗanda suka taɓa amfani da shi: ƙaramin kasuwanci irin namu yana buƙatarsa? Wanne ya fi sauƙi? Kuma ta ina ake farawa?

Injiniya_Barnawa ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan aikin shi nake ci da shi, kuma duk da haka zan ce maka kar ka biya yaron nan ko sisi tukuna. Ba don aikinsa ba shi da kyau ba, ban san shi ba, sai don ba ku da abin da zai zuba a ciki.

Ka gane, su Power BI da Tableau da Looker Studio da Metabase duk aikinsu ɗaya ne: su ɗauko bayanan da ka riga ka tara, su haɗa, su tace, su nuna maka a allo yadda ido zai kama da wuri. Ba sa ƙirƙirar bayani. Littafin Baba mai baƙin bango ba ya shiga kwamfuta da kansa. In babu wanda ke rubuta kowane ciniki a tsari ɗaya kullum, to allon nan mai kala da ya burge ka ƙarya zai riƙa yi maka, kuma ƙaryar da ta zo da zane mai kyau ta fi saurin shiga kai.

Bari in ba ka misali da abin da na gani da idona a wani sito a Kakuri da na yi wa aiki. Sun ce min ai suna da rekod na shekara biyu a Excel. Na buɗe, kaya ɗaya tak, taliya, na same ta da suna kala biyar: wani yaro ya rubuta "taliya", wani "Taliya babba", wani "supageti", wani ya sa sunan kamfanin kawai, wani ya gajarta. A wajen adadi kuma wani yana rubuta 5 yana nufin kwali biyar, wani yana rubuta 5 yana nufin ƙwaya biyar, wani ma ya rubuta "rabi" da haruffa. Kwanan wata wani ya fara da rana wani ya fara da wata, to 3/4 ɗin nan uku ga Afrilu ne ko huɗu ga Maris? Sati uku na yi ina wankin wannan datti, haɗa allon kansa kuwa yini biyu ya ɗauke ni.

To ga yadda zan yi in ni ne kai. Ka zauna ka rubuta jerin duk kayan da kuke sayarwa, kowane kaya suna ɗaya da lamba ɗaya, ka fayyace ma'auninsa, kwali ne ko dozin ko buhu ko jarka, kuma ƙwaya nawa ke cikin kwali. Sai ka buɗe Google Sheets ko Excel da shafi uku: kayan da suka shigo, kayan da suka fita, da bashi. Kowane layi ciniki ɗaya: rana, shago, kaya, adadi, farashi, wa ya saya, ya biya ko bai biya ba, tsabar kuɗi ko taransifa ko POS. A wajen sunan kaya ka sa ya zama zaɓa ake yi daga jeri, kar ka bar yaro ya buga da hannunsa, nan ne duk ɓarnar take shigowa. In sabis na ba ku wahala a cikin kasuwa akwai wata manhaja mai suna KoboCollect, tana karɓar bayani a waya ko babu intanet, in sabis ya dawo ta tura.

In ka yi wata uku a haka, Pivot Table na cikin Excel, wato teburin da ke tattara maka jimla da kansa, shi kaɗai zai amsa maka yawancin tambayoyinka. Shafi ɗaya na Excel yana ɗaukar layi 1,048,576, ku kuwa ko kuna rubuta layi ɗari uku kullum sai kun shekara tara ba ku cika shi ba.

Maganar kuɗi kuma tunda ka tambaya. Power BI na Microsoft ne, ya fito a 2015. Wanda ake sakawa a kwamfuta, Power BI Desktop, kyauta ne, amma a Windows kawai yake aiki. Inda kuɗi ke shigowa shi ne in kana so ka tura wa wani rahoton ta intanet ya riƙa gani a wayarsa, sai an sayi lasin Pro, da dala 10 ne kowane mutum a wata, daga Afrilun 2025 suka mayar da shi dala 14, kuma mai turawa da mai kallo kowa sai da nasa. Ka lissafa da canjin yau ka gani. Sannan rajistarsa ba ya karɓar Gmail, sai imel na kamfani ko makaranta. Looker Studio na Google ne, da sunansa Data Studio aka canza a 2022, shi kyauta ne, a burauza yake aiki, kuma kai tsaye yake jan bayani daga Google Sheets, shi ya sa ga irinku na fi ba da shawararsa. Tableau yana da kyau ƙwarai, kamfanin Salesforce ya saye shi a 2019, amma tsadarsa ba ta ɗan Kasuwar Barci ba ce. Metabase kyauta ne in za ka ɗora shi a sabarka, wato kwamfutar da ke ajiye bayananku, sai dai yana son wanda ya san harkar rumbun bayanai ya tsaya a kai.

Hajiya_Akanta ta rubuta:

Injiniya ya gama magana ta ɓangaren na'ura. Ni ta ɓangaren lissafi zan shigo, don abin da ka faɗa na cewa ana ciniki amma kuɗin sari ba ya kaiwa, ɗana wannan ciwon na san shi, kusan duk wanda na duba wa littafi daga 2023 zuwa yau yana da shi.

Wuri uku kuɗin ɗan sari ke ɓuya. Na farko bashi, na biyu kwantai, na uku kuma wanda mutane ba su cika lura da shi ba, ribar da ba riba ba ce. A ce ka saro kwali a dubu goma, ka sayar sha ɗaya, ka rubuta ribar dubu ɗaya kana murna. Ka koma wajen dila ya ce yanzu sha ɗaya da ɗari biyar ne. To ina ribar? Kwalin da ka sayar ma ba za ka iya mayar da shi ba sai ka ciko ɗari biyar daga aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, haka 'yan kasuwa suka riƙa cin uwar kuɗinsu suna zaton riba suke ci, hauhawar farashi sai da ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Saboda haka duk wanda zai haɗa maka allo, ka ce masa riba kala biyu kake so ka gani: a kan farashin da ka saro, da a kan farashin da za ka saro yau. In bai gane abin da kake nufi ba to zane kawai ya iya.

Na bashi kuma kar ka yarda da jimla ɗaya wai "ana binmu kaza, muna bin kaza." A raba shi da shekarunsa: wanda bai kai wata ba, wanda ya kai wata biyu, wanda ya haura uku. Ranar da ka fara ganin wannan teburin za ka sha mamaki, don sau da yawa wanda kuke kira babban kwastoma, wanda in ya shigo ake ba shi kujera a aiko masa da lemo, shi ne ya riƙe muku jari. Yana ɗaukar kaya da yawa, yana biyan rabi, ya sake ɗauka, bashin bai taɓa komawa sifili ba.

Kwantai kuma lissafinsa mai sauƙi ne, abin da ke sito ka raba da abin da ke fita a rana, zai ba ka kwana nawa kayan zai yi kafin ya ƙare. In sukari na kwana shida ne, wani man shafawa kuma na kwana ɗari biyu, ka san inda kuɗinka ya je ya kwanta. Ga masu ranar lalacewa kamar madara da tumatir abin ya fi zafi.

Abu ɗaya da zan ƙara, kuɗin cefanen gida da na makarantar yara da Alhaji ke zara daga aljihun shago, a rubuta shi shi ma. Ba don a hana shi ba, kuɗinsa ne, amma in ba a rubuta ba za ka zo kana zargin yaran shago a banza ka ɗauki alhaki.

Alhaji_Mai_Buhu ya rubuta:

Ni ban yi boko mai zurfi ba, yarona ne ma ya nuna min wannan zancen ya ce in sa baki. Shekarata talatin da wani abu ina harkar hatsi, daga Saminaka zuwa nan Kaduna har Dawanau.

Yaro ka bi a hankali da mahaifinka. Abin da ke kansa ba ya cikin kwamfutarka. Shi ya san wane ne in ya ce gobe to gobe ne, ya san wanda matarsa ba ta da lafiya shi ya sa ya yi jinkiri, ya san wanda ubansa ya taɓa rufa masa asiri lokacin da shi ma ba shi da komai. Na'ura za ta nuna maka jan layi ta ce wane ya haura wata uku a daina ba shi kaya, kai kuma da zafin ƙuruciya ka je ka faɗa wa mutum magana, ka kashe hulɗar shekara ashirin. Kasuwa da mutane ake yinta.

Ban ce kar ka yi ba. Nima yarona ya sa min lissafin a waya kuma na ga amfaninsa wajen kuɗin mota da na 'yan dako, ashe abin da ke tafiya can ya fi yadda nake zato. Amma kar ka je masa da cewa littafinsa ya tsufa. Ka ce kana so ka taya shi ne, ka bar littafin yana tafiya, kai kuma kana kwafa da yamma. Ranar da ka kawo masa abu ɗaya da bai sani ba kuma ya bincika ya ga gaskiya ne, da kansa zai riƙa kiranka yana cewa duba min kaza.

Maman_Ilham_Kaji ta rubuta:

Ni abincin kaji da magungunansu nake sayarwa a hanyar Kachia, kuma na yi irin kuskuren da kake shirin yi sak, don haka bari in faɗa maka yadda ta kaya.

Na biya wani ya haɗa min dashbod, wato irin allon nan mai zane-zane, shafi biyar, zane ya fi ashirin, har da taswira wai tana nuna unguwannin da kwastomomina suke. Satin farko kullum sai na buɗe ina nuna wa mutane. Bayan wata biyu na daina buɗewa gaba ɗaya, saboda duk abin da ke ciki babu wanda ke sa in yi wani abu daban da safe, kallo ne kawai kamar talabijin. Ga shi a laftof yake, in babu wuta kuma batir ya mutu shike nan, yarinyar da ke shigar da bayanan ta yi aure ta tafi, wanda ya haɗa min kuma ya koma Abuja in na kira sai ya ce zai duba.

Da na dawo hayyacina sai na zauna na tambayi kaina, wai ni wace shawara nake yankewa duk sati? Guda uku ne: me zan saro kuma buhu nawa, wa zan kira ya biya, sai farashin da zan sa. Shike nan. Ƙanwata da ke karatu a KASU, jami'ar jihar Kaduna, ta haɗa min shafi ɗaya a Looker Studio da ke amsa waɗannan ukun, a waya nake dubawa bayan asuba kafin in fita.

Wani abu kuma da na koya da wahala, kuma ku masu kayan masarufi ya fi shafarku: manhajojin nan da kalandar Bature suke lissafi. Azumi kuwa duk shekara yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya. A 2024 an fara azumi 11 ga Maris aka yi sallah 10 ga Afrilu, a 2025 an fara 1 ga Maris aka yi sallah 30 ga Maris. To in ka ce ta kwatanta maka Afrilun 2025 da Afrilun 2024 za ta nuna maka ciniki ya faɗi warwas ka tayar da hankalinka, alhali sallar ce ta koma cikin Maris. Ni masu kiwon kajin sallah makonni kafin sallah suke zuba 'yan tsaki, to cinikina yana bin wata ne. Sai da muka ƙara wani layi a teburin muka sa "saura sati kaza azumi", "saura sati kaza babbar sallah", muka sa Kirsimeti ma don nan Kaduna kasuwar Disamba ba wasa ba ce, musamman ta wajen Sabo da Television. Kai ma ka sa naka, sukari da madara da man gyaɗa ai kowa ya san lokacinsu, ka ƙara da lokacin komawa makaranta da ƙarshen wata in an yi albashi.

Injiniya_Barnawa ya rubuta:

Maman Ilham wallahi wannan na kalanda ko ni sai da wani kwastoma ya ankarar da ni. Na gode.

Na manta abu ɗaya mai muhimmanci. A Power BI akwai wani zaɓi da ake kira Publish to web, yara da yawa suna amfani da shi don su kauce wa biyan lasin, su turo maka link ka riƙa buɗewa a waya kana jin daɗi. Wannan link ɗin duk wanda ya same shi a duniya zai buɗe, babu kalmar sirri. Ka yi tunanin sunayen masu bashinku da lambobin wayarsu da abin da ake bin kowa suna yawo a WhatsApp. Ban da kunya da ɓata hulɗa, akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023. Haka Google Sheets ma, kar ka bar shi a "duk mai link", ka zaɓi mutanen da za su gani da imel ɗinsu, yaran shago su iya shigarwa amma kar su ga shafin riba. Kuma asusun ya zama da sunan kasuwancinku aka buɗe, kalmar sirri tana hannunka, ba a hannun wanda ya haɗa ba.

Ɗan_Sito_Kawo ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu amsa haka ba. Baba Alhaji na ji maganarka kuma na ɗauka, da ma abin da nake tsoro ke nan.

Jiya da daddare na ɗauko littafin bashi na shagon Kawo kawai na fara kwafa a Excel kamar yadda Hajiya ta ce, na raba da watanni. Ban ma gama ba na ga mutum huɗu sun riƙe fiye da rabin abin da muke bi, kuma ɗaya daga ciki aminin Baba ne da suke zuwa masallaci tare, shafinsa ya kai shida a littafin, ana ja ana sabuntawa. Ban faɗa wa Baba ba tukuna, ina tunanin ta inda zan ɓullo.

Na gaya wa yaron nan mu dakata zuwa bayan wata uku. Jerin kaya na fara yau, na kai 140 ban gama ba, ashe omo kaɗai kala goma sha ɗaya muke da shi.

Injiniya tambaya ɗaya: in mutum ya sayi rabin kwali, 0.5 zan sa ko in mayar da komai ƙwaya-ƙwaya?

Injiniya_Barnawa ya rubuta:

Ka bar yara su shigar yadda suka saba, wuri ɗaya na adadi wuri ɗaya na ma'auni, su zaɓi kwali ko rabi ko ƙwaya. Kai kuma a jerin kayanka ka riga ka rubuta ƙwaya nawa ke cikin kwalin kowane kaya, sai fomula ta mayar da shi ƙwaya da kanta a gefe. In ka ce yaro ya tsaya yana lissafin 0.5 ga layin mutane a gabansa ga mai Keke yana masa hon a waje, kwana uku zai yi ya koma wa biro da takarda. In ka gama jerin ka turo hoton layi goma na farko a nan in duba maka, ka rufe farashin sari kafin ka ɗauka.